Bakin da Ban Duba Ba

Ban manta da ranar da na goya Baba Gado a babur daga Argungu zuwa Zauro ba, kuma ba na jin zan manta. Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ni kuma ina ƙaramin malamin asibiti. Aikina in rubuta kati, in aika da bayan gida ɗakin gwaji, in ba da maganin da babba ya rubuta. Babbanmu shi ne Alhaji Maidamma, mutum ne da ba ya son a tsallake ƙa'ida.

Baba Gado tsohon masunci ne. Wata huɗu yana zuwa mana da kuka ɗaya: abin da ya ci yana fita kusan yadda ya shiga, har ƙwayar shinkafa ana gani. Sau uku muka gwada bayan gidansa, babu tsutsa, babu jini. Mun ba shi maganin zawo, mun sake ba shi, sai ramewa yake yi. Alhaji ya rubuta takardar tura shi Sakkwato.

Baba ya ture takardar ya ce, "Ɗana, ba ni tahiya. In mutuwa ce, ta iske ni ga bakin gulbi."

A lokacin akwai wasu 'yan ƙasar Sin da ke aikin noman shinkafa a fadamar Zauro, kusa da Birnin Kebbi, suna da likitansu, wani dattijo mai suna Liyu. Na roƙi Alhaji ya bar ni in kai Baba wurinsa. Ya ce, "Je ka. Amma duk abin da ya ba shi, in gani kafin ya sha. In aka samu matsala, ni da kai ne."

Likita Liyu bai nemi katin ba. Ya ɗora yatsu uku a wuyan hannun Baba, ya ji bugun jini, ya koma ɗaya hannun. Ya sa ya fito da harshe, ya ga ya yi fari ya kumbura. Sannan ya leƙa cikin bakin, ya yafito ni. Haƙorin tauna ko ɗaya babu, duk sun zube. Kunya ta kama ni. Wata huɗu ina kallon abin da ke fita, ban taɓa duba inda yake shiga ba.

Da ɗan Turancinsa ya yi bayani, ina fassarawa. Ya ce a iliminsu ciki tukunya ne, akwai wuta a ƙarƙashinsa. In wutar ta yi rauni, abinci ba ya nuna. Ya tambayi me Baba ke ci.

"Hura da ruwan randa," in ji Baba, "sai dahwahwar shinkahwa in haɗiye."

Likitan ya girgiza kai. Ya ce a bar sanyi. A dafa shinkafa da ruwa mai yawa har ta narke ta zama kunu, a sa citta da busasshen ɓawon lemo, ya sha da ɗumi, kaɗan-kaɗan, sau biyar a yini. Ya kunna wani busasshen ganye naɗaɗɗe kamar taba, ya riƙa kusantar da shi ga cibiyar Baba don ɗumi. Ya kuma ce in sati uku suka wuce babu sauƙi, lallai a tafi Sakkwato.

Da na dawo na zayyana wa Alhaji, sai ya ce, "Kunu da citta? Wannan ai ko kakata ta sani. A yi."

Satin nan uku kullum ƙirga kwanaki nake. Ranar da suka cika sai ga Baba da ƙafarsa, ya hau sikeli, allura ta matsa gaba. Ya ce cikin ya tsaya, har ya fara cin kifi dakakke.

Ban san ko wutar cikin ce ta tashi, ko kunun ne ya hutar da haƙoran da babu ba. Abin da nake gaya muku, ku masu tasowa a aikin asibiti, shi ne: takardar gwaji ba ta ganin mutum. Kafin ku kama biro, ku tambaye shi me yake ci, kuma da me yake taunawa.