Sadisu Mai Ɗora wa Mutane Waya a Ka

Ruwa aka kwana ana yi, gari ya waye bai ɗauke ba, irin na watan Agusta da ke mayar da layinmu na Tudun Fulani rafi. Ina rumfata da keken ɗinkina, ba wanda ya kawo ko yagaggen aljihu. A jikin rumfata shagon Sadisu mai gyaran waya yake. A ranar ce Dije mai nono ta fake a barandarsa, daga nan kuma ya fara abin da ya kusa ɓata masa suna.

Sadisu ɗan marigayi Malam Barau ne, mai gyaran agogo a bakin tashar jirgin ƙasa. Aikin reluwe ne ya kawo kakansu Minna. Malam Barau bai bar gona ba, bai bar shanu ba. Abin da ya bari shi ne shaidar mutane, cewa ba zai ce maka agogonka ya mutu alhali datti ne kawai ya shiga ba. Sadisu ya riƙe wannan shaida da hannu biyu.

Sai dai yana da wata lalura. In babu aiki sai ya buɗe tsohuwar kwamfutarsa ya yi ta ƙera wasannin waya, waɗanda yara ke kira gem. Na mutane harbi ne ko tseren mota, nasa ba haka ba. Ya taɓa yin wanda mutum zai zauna jiran jirgi, ba ya komai sai korar ƙuda. Ya ba ni na gwada, na ce masa wannan ai na daɗe da yin sa a tasha, ba sai a waya ba. Ya yi wani na gaisuwa, in ka yi saurin faɗin abin da ke tafe da kai kafin ka tambayi iyali da gajiya, an cinye ka. Shi kam ni kaɗai na kai ƙarshensa.

To, ranar ruwan nan Dije tana tsaye ba ta sauke ƙwaryarta ba, sai wani mai keke ya wuce ya watso ruwan kwata. Ta yi tsalle baya, ƙwarya ko motsi. Sadisu ya saki baki, ya tambaye ta yadda take sanin nono zai zuba alhali ba ta ganin sa.

"Ɗana, ai nono magana yake yi," in ji ta. "Wuya ke ji."

Damina ba ta ƙare ba ya gama ƙera wasan tallan nono. Ba hoto a cikinsa ko ɗaya. Za ka kwantar da wayarka a tsakar ka, ka sauke hannu, ka kama tafiya. Sai ka ji nono na kaɗawa a ƙwarya. Ka ji keke na tahowa ta hagu, ka kauce. Ka ji mai saye ya yi kira, ka durƙusa a hankali. In ka karkata sai ka ji shaa, sannan muryar Dije, wadda ya ɗauka da izininta, ta ce, "Ka zubar. Koma ruga."

Ɗaliban da ke haya a unguwar Bosso suka fara tura wa juna. Kafin a jima har a Maitumbi ana ganin manyan ma'aikata a tsakar gida suna taku kamar amare. Ni kaina na ga wani mai furfura kamar ni yana tafiya a sandare, hularsa na cewa ya koma ruga.

Sai wayoyi suka fara faɗowa.

Akwai Mudi, shi ma mai gyaran waya ne, a ƙarshen layi. Ba mugu ba ne, bakinsa ne ba ya zama. A teburin mai shayi ya ce shi bai taɓa ganin dabara irin ta ɗan Barau ba: mai gyaran gilashin waya, shi ne kuma mai cewa a ɗora waya a ka a yi tsalle. Aka yi dariya, amma maganar ta kwana a ran mutane. Masu kawo aiki suka ja baya. Wata mata ta zo ta karɓe wayarta ba a gama gyara ba, tana cewa ba haka ubansa yake ba.

Wannan kalma ce ta kwantar da Sadisu. Ya daina buɗe kwamfuta, ya daina tsokanata. Ya ce mini zai goge wasan. Na ce masa gogewa ba ta mayar da maganar da ta riga ta fita, ya dai saurara.

Da Dije ta ji labari ta ce a nuna mata yadda suke yi. Sadisu ya ɗora wayarsa a kansa mai sabon aski, ta silalo, ya cafe.

"Haka kuke ɗauka, kai tsirara? Ina gammo?"

Nan Sadisu ya gane kuskurensa. Ya auna karkata, ya auna durƙuso, ya ɗauki kukan akuya da ƙarar keke, bai tuna da tsumman da ake naɗewa a ɗora kaya a kai ba. Dije ta zari ƙyalle a rumfata ta murɗe, ta ɗora masa, waya ta zauna daram.

Ran Juma'a bayan an sauko, jama'a na wucewa, ya tsaya a ƙofar shagonsa.

"Jama'a, wasa nawa ne, mantuwar gammo ma tawa ce. Daga yau duk wayar da ta faɗo daga ka, ba zan taɓa ta ba. A kai wa Mudi."

Mudi na wurin. Tun daga ranar babu mai yabon wasan kamarsa, har cewa yake gammo na ragwaye ne, gwani da kai tsirara yake yi. Mutane suka gane wanda faɗuwar waya ke yi wa daɗi, dariya ta koma ƙarshen layi. Matar nan ta dawo wa Sadisu da wayarta, ya karɓa ya gyara.

Yanzu in ka kunna wasan, kafin komai Dije za ta tambaye ka gammonka. Magdalina mai sayar da doya, 'yar ƙabilar Gbagyi daga Paiko, ta zo ta yi ƙorafi cewa su a kafaɗa suke ɗaukar kaya, wasan bai san da su ba. Wasan kafaɗar ne Sadisu yake ta fama da shi tun bara.

Sadisu na nan a shagonsa na Tudun Fulani, yana gyaran waya, ban da wadda ta faɗo daga ka.