Sallau Mai Gadin Sheƙar Gaggafa

Shekara goma sha huɗu ke nan, da an sallame sallar asuba Sallau zai rataya gorar ruwa, ya soka ɗan littafinsa a aljihu, ya nufi tafkin da ke yamma da Guci. Can zai zauna nesa da wata tsohuwar kuka, ya zuba wa sheƙar gaggafar ruwa ido, tsuntsuwar nan mai farin kai da ke fizgar kifi. Ma'aikatar gandun daji ce ta ɗora shi. Yakan rubuta ranar da aka yi ƙwai, da wanda ke kwanci tsakanin mijin da matar, da ranar ƙyanƙyasa. Dokarsa ɗaya ce: ba a hawan kukar nan, don in uwar ta tsorata sai ta bar sheƙa. Mutanen gari me za su yi in ba dariya ba? Har matarsa Tani takan ce, "Malam, a gaida min surukan naka."

Sai ga shekarar fara, 1975. Ranar da aka tsayar za a yi su, wato kamun kifin gayya, a tafkin, gari ya fito kwansa da kwarkwata, kowa da homarsa, ga yunwa. Sallau na zaune ya ga mijin gaggafar ya kawo kifi, amma bai ji kukan ƴaƴan ba. Uwar na miƙa musu, babu mai ɗaga kai. Kuma kifin ba kamu ba ne, yana yawo ciki sama aka tsince shi. Mutumin da ya hana kowa taɓa kukar, shi ne ya tuɓe takalmi ya haye. Uwar ta kawo masa sura, ta tsaga masa kunci har haɓa.

Ya iso bakin ruwa jina-jina, ya zube matattun ƴan tsuntsaye biyu gaban Mutari, sarkin ruwa.

"Ranka ya daɗe, kada kowa ya shiga. Akwai guba a kifin nan."

"Haba Sallau! Fara ta cinye hatsi, kai kuma ka hana mu kifi saboda ƴan tsuntsu?"

"Abin da suka ci shi za mu ci. In ƙarya nake, a ɗaure ni."

Mutari ya tura samari su zaga tafkin. Cikin ciyawar gefen gabas suka tarar da gangunan maganin fara guda uku, wani ya wanke su ya tafi abinsa. Nan take salati ya ɓarke. Uwaye suka ruga suna janyo yaran da suka riga suka tsoma ƙafa. Tani ta zauna daɓas, hannu a ka.

Bana Sallau ya ajiye aiki, kuma wallahi abin ya girgiza ni: ko takardar yabo ba a ba shi ba! Kai ne ka hana a haƙa kaburbura a Guci ran nan, Sallau, zakaran da bai jira asuba ba. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Masu tasowa, duk wanda aka ba shi ɗan abu ya duba, ya duba shi haka.

Gaggafar ba ta sake dawowa ba. Amma shekara huɗu bai fasa zuwa gindin kukar ba, ga tabon a fuska, kullum yana rubuta abu ɗaya: "Yau ma ba su zo ba."