Sandar Kwastan ta Maigatari

Shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar hannun hagu su koma hannun dama, wato saba'in da biyu, ina da shekara goma sha ɗaya a kan sitiyari. Wata tsohuwar babbar mota nake ja mai bodin katako, ta wani Alhaji mai sayen gyaɗa a Gumel. Mutane a sama, buhuna a ƙasa, awaki duk inda suka samu. Karatuna aji huɗu ne na elemantare, a nan ya tsaya, don haka mai karanta wannan ya ɗauke shi yadda ya same shi.

Tun ana saura wata uku tashar Gumel ta rikice. Rediyo ba ta da zance sai hannun dama. Direbobin layin Gagarawa da na Sule Tankarkar abinci ma ba ya shigar musu sosai. Mu huɗu ne kawai ko a jikinmu, mu da ke cin kasuwar Maigatari ranar Alhamis mu zarce da kaya cikin Nijar. Can tun zamanin Faransa a dama suke tafiya. A bakin iyaka akwai sandar kwastan, wani dogon ƙarfe da aka ɗaura wa dutse a gindi, ana ɗaga shi da igiya. In za ka shiga, kana wuce sandar sai ka koma dama. In ka dawo, kana wuce ta sai ka koma hagu. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke yi, kamar yadda yake kai loma baki.

To, mun yi fankama, ba zan ɓoye ba. A gindin darbejiyar tasha nake zama ina zana hanya a ƙasa da tsinke, manyan direbobi sun kewaye ni suna kallo. Akwai wani dattijo ɗan layin Sule Tankarkar, ya girme ni nesa ba kusa ba, mai tuƙi kamar yana ɗauke da ƙwai. Kullum tambayarsa ɗaya ce.

"Yanzu, ɗana, in na zo mararraba, wa zan jira?"

"Baba, kai ai kowa kake jira. Jaki ma in ya zo sai ka ce masa bismilla."

A yi ta dariya. Shi ma ya yi, gobe ya sake tambaya.

Ranar canjin ta zo ta wuce, babu wanda ya mutu a wajenmu. Amma abin bai tsaya nan ba. Motocinmu duka sitiyarinsu a dama yake, ƙofar fasinja a hagu, yanzu ke nan a tsakiyar hanya za ka sauke mutane. Aka ce gwamnati za ta kawo sababbin bas masu sitiyari a hagu, tsofaffin nan kuwa a hankali za a daina ba su takardar ɗaukar mutane. Alhaji ya kira ni zaure ya ce ba zai zuba wa wannan gawar motar ko kwabo ba, damina na sauka zai ɗora ta a kan duwatsu. Mata ɗaya gare ni da 'ya'ya biyar, ba ni da gona, ba ni da wata sana'a. Bas ɗaya ce aka ware wa layin Gumel zuwa Maigatari, kuma direba ɗaya za a ɗauka.

Sarkin tasha ya ba da sunan mutum biyu, ni da dattijon nan. Kowa ya san shi cike gurbi ne. Har mai shayi ya fara ce mini direban gwamnati.

Ma'aikacin da zai gwada mu ya zo daga Kano da bas ɗin kanta, wata fara mai ratsin kore, kujerunta ko ledar ba a cire ba. Saurayi ne, da fayil a hammata, ga alama bai taɓa canza taya ba a rayuwarsa. Aka fara da dattijo. Ya kai shi Maigatari ya dawo a cikin lokacin da ni zan je sau biyu, ya sauko rigarsa sharkaf. Ni kuwa da na hau, sai na ji kamar a gidanmu aka ƙera ta, don na sha karɓar kamyon, wato manyan motocin abokaina na Damagaram masu sitiyari a hagu, in ja. Giya tana hannun dama, na sa ta ba ko ƙara.

"Ka taɓa jan irinta ne?" in ji ma'aikacin.

"Yallaɓai, tun kana makaranta."

Bai ji daɗi ba, amma ya rubuta wani abu, na kuma ga alamar mai kyau ne.

Da muka isa Maigatari ya ce yana son ya ga ƙarshen layi. Ranar jajiberin kasuwa ce, shanu sun cika filin da ake juyawa, sai ɗan kwastan da ya san ni ya ɗaga mana sanda ya ce in juya ta baya, a filin da ke tsakaninsu da 'yan duwan, wato kwastan na Nijar. Na wuce, na juya, na dawo. Sanda ta ɗaga, na ɗaga wa ɗan kwastan hannu, na wuce ta ƙarƙashinta.

Sai na koma hagu.

Wallahi ban san na yi ba. Ina cikin ba Yallaɓai labarin rairayin hanyar Magarya, sai na ga wata babbar mota shaƙe da kanwa ta nufo ni gaba da gaba tana hon. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, wannan mahaukacin me yake yi a hannuna? Har na leƙa zan zage shi. Shi ne ya kauce, ya faɗa cikin rairayi, ni kuma na taka birki har Yallaɓai ya bugi gilashi da goshi, takardunsa suka watse a ƙasa. Bas ta goge dangar wani mai sayar da igiya, fenti ya kwaile a gefe kamar tsawon hannu.

Direban kanwa ya diro yana ihu. "Kai wane irin ɗan ƙauye ne? Ba ka da rediyo a garinku?" Da ya matso ya ga fuskata sai ya tsaya. "Au, malamin hannun dama ne da kansa?"

Yallaɓai bai yi faɗa ba. Ya tsince takardunsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Sauko, Malam." Shi ya ja mu zuwa Gumel, ina zaune a kujerar fasinja mai leda.

Dattijo ya sami bas. Damina ta sauka, Alhaji ya cika maganarsa, ya ɗora mota a kan duwatsu. Na koma ɗan kamasho a tashar da nake zana wa mutane hanya, ina kiran "Maigatari! Maigatari, saura mutum biyu!" ina cika wa wani bas ɗin da aka ce tawa ce. In na wuce sai wani ya ce, "Malam, dama ina take ne yau?" Har yau in na tuna wasu fuskoki raina ɓaci yake yi, kuma yawancinsu na taɓa jawo motarsu daga rami.

Abin da ya fi ƙona mini rai daga baya na ji shi. Sauran ukun nan da muke tsallaka iyaka tare, kowannensu ya yi irin abin da na yi a wannan sandar, wani ma sau biyu. Su dai ba su ɗauko ma'aikaci ba ne. Babu wanda ya faɗa wa ɗan'uwansa, kowa yana jin kunya. Gwamnati ta yi ta shirya wanda bai iya ba, mu kuwa da muka iya, ba mu ba, ba ita ba, babu wanda ya tuna cewa akwai abin da za mu manta.

Na ce ba haka zan ƙare ba. Duk Alhamis sai in bi wata mota zuwa Maigatari, in tsaya bayan sanda ta ɓangaren Nijar. Duk direban da ya dawo in roƙe shi ya ba ni motarsa in shigar masa da ita, kyauta, daga sanda zuwa bakin kasuwa. Wasu su ba ni, wasu su ce ba su shirya mutuwa ba. Makonnin farko ina jin hannuna yana ja hagu kamar akuya ta ga dusa, sai na danne shi da ƙarfi. 'Yan kwastan suka mai da ni abin kallo, har suna ƙirga mini. Ban kula su ba.

Da kaka aka ce bas ta biyu za ta zo, ta layin Gagarawa. Sarkin tasha ya ce ba zai sake kai sunana a kunyata shi ba. Na hau mota na tafi Kano da kaina, na kwana biyu ina zama a benci a ƙofar ofishin, har Yallaɓai ya gaji da tsallake ni.

"Kai ne mai danga ko?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Me kake so?"

"Ka sake gwada ni. A wurin nan dai, ba wani wuri ba."

"Layin Gagarawa ai babu iyaka a kansa. A cikin gari zan gwada mutane."

"Su ka gwada su a gari. Ni in ba a sandar nan ba, ko ka ba ni ba na so."

Ya dube ni ya daɗe, ya ce ban da taurin kai ba abin da mutanen iyaka suka iya.

Ya zo, muka je. Na wuce sanda, na juya, na dawo, na riƙe dama. Ya ce in sake. Na sake. A karo na uku ya jawo ni da hira da gangan, yana tambayata kuɗin raƙumi a Damagaram, ina ba shi amsa ina kallon hanya. Sau shida muka yi, har ɗan kwastan ya ce hannunsa ya gaji da jan igiya, in muna da sauran wasa mu ɗaga da kanmu.

Bai ce na yi ƙoƙari ba. Ya sa hannu a takarda a kan gwiwarsa, ya miƙo mini makulli, ya ce ranar Asabar ƙarfe bakwai bas ta tashi zuwa Gagarawa, ko ta cika ko ba ta cika ba.

Shekara tara na ja ta. Ƙarfe bakwai take tashi.