Kakanmu Ya Hana Mu Katanga

Duk sanda na wuce magina suna kwaɓa laka, warin jiƙaƙƙen ramno ya daki hancina, sai raina ya ɓaci. Kada ka yi mamaki, a gidan da aka hana kwaɓa laka na tashi.

Muna cikin mutanen farko da suka sauka Sabon Birni. Babana da hannunsa ya haƙa ganuwar garin, lokacin da mayaƙan garin Isa ke iya ɓullowa ko wace safiya. An ba mu fili mai faɗi a tsakiyar gari, muka kewaye shi da zana. Kowa haka ya fara. Da aka ci damina biyu, maƙwabta suka shiga yin tubali, mu kuwa muna nan cikin kara da shuci.

Kakanmu ne ya hana. Yana yaro aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka fito da shi a goye, amma in yana ba da labarinta sai ka rantse shi ya gina ta. A wurinsa, wanda ya ɗora tubali a Sabon Birni ya yarda ke nan Gobir ta faɗi. Wani rani babana ya yi tubali a bayan rumbu ya shanya. Tsohon ya bi su da sanda ɗaya bayan ɗaya.

"Wa yac ce maka zama munka zo yi?" in ji shi. "Baɗi war haka muna gida."

Baɗin nan na ji ta har na yi wayo, har aka fara yi mini kitson 'yan mata.

Mutane suka yi ta kwararowa, cikin ganuwa ya cushe. Mai unguwa ya zo da igiya yana sake awo. Inda ya tarar da katanga sai ya wuce, inda ya tarar da zana sai ya ɗauke shi zango, a matsar da masu shi. Babana ya durƙusa gaban mahaifinsa, ya roƙi ko jeri uku na tubali. Innata, wadda ba ta taɓa ɗaga ido gaban surukinta ba, ta yi magana daga bayan zana.

"Baba, ɗiyata ta hwari tana kwance gidanga."

Yayata ce, ta rasu tana jaririya, an rufe ta a gindin rumbu.

Aka mayar da mu bakin ƙofar gari. Kakanmu har murna ya yi, wai ran tafiya mu ne a gaba. Wanda aka ba filinmu ya ja katanga, ya kafa turken dokinsa a inda rumbunmu yake. Innata takan tafi gidan nan ɗibar wuta alhali murhunta na ci, ta ɗan tsaya kusa da dokin, ta dawo.

Kakanmu ya rasu bai ga Alƙalawa ba. Na yi masa addu'a, amma ban yafe masa ba, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Yau in dattawa na lissafa gidajen da suka kafa garin, katangu suke bi, ba a ambaton namu. Kwanan baya na tsaya a ƙofar gidan nan da aka gina a filinmu ina hutawa. Wata jikar gidan ta leƙo, ta gaishe ni da ladabi, ta ce, "Iya, baƙuwa ta? Gidan wa kika nema?"