Ƙanena da Ba Ya Jin Ciwo

Wata Juma'a ce, a damunar da na shiga aji huɗu. Ruwa ya ɗauke ke nan, Inna tana tuyar masa a bakin madafi, ni kuma ina kwashe ruwan da ya taru a tsakar gidanmu na Ƙofar Kwaya, sai ga ƙanena Sada ya shigo da gudu yana dariya. A lokacin bai daɗe da fara magana ba. Duk inda ya taka sai ya bar sawun jini a kan daɓe. Inna ta yar da cokali ta sure shi, sai ga fasasshiyar kwalba ta nutse masa a tafin ƙafa. Ta zare ta, shi ko yana ta miƙa hannu wajen masa.

Daga ranar muka gane Sada ba ya jin ciwo. Maƙwabta wasu suka ce jarumi ne, wasu suka ce iska ce. Baba, wanda malamin firamare ne, ya kai shi asibiti. Likita ya ce shi ma bai san dalili ba, kuma ba shi da wani magani sai sa ido. Sa idon nan kuwa a kaina ya faɗa, don ni ce babba. Kullum bayan magariba sai in zaunar da shi a tabarma in jawo fitila, in duba ƙafa, in duba hannu, in ce ya fiddo harshe, don yakan cije shi bai sani ba. Inna takan ce mini, "Hadiza, ke za ki riƙa ji mishi."

Ban da wannan, ƙuruciya muka yi mai daɗi. Yana jin cakulkuli har ya fi kowa, yana jin sanyin ruwan randa, amma yaji sai ya zuba a ɗanwake kamar gari, mu muna hawaye shi yana lashe yatsu. Ƙamshi ma ba ya ji, shi ya sa dakan daddawa ya zama aikinsa. Da yamma muna carafke a zaure, shi yana langa da yaran layi, ni ido ɗaya a kan duwatsuna, ɗaya a kansa. A makaranta na sha dambe da yaran da ke sa shi ya soka ƙaya a hannu su yi kallo.

Sau ɗaya abin ya fi ƙarfinmu. Da kaka muka je gonar Baba cirar gyaɗa, Sada ya faɗo daga kan jaki, ya tashi ya kakkaɓe riga, ya tako har gida. Da na zo dubawa na tarar idon sawunsa ya kumbura sumtum. Mai ɗori ya ce karaya ce, kuma tafiyar ta ɓata ƙashin. Wata da watanni muna gadinsa kada ya taka, Baba yana koya masa karatu a kan gado. Ya warke, sai dai har yau yana ɗingishi.

Bara 'yata Safiya, da ke karatun likita, ta zo hutu da labarin wani masanin kimiyya da ya ƙarar da rayuwarsa yana binciken yadda jiki ke ji. Ta ce a jijiyoyinmu akwai wasu 'yan ƙofofi da ido ba ya gani. In wuta ko ƙaya ta taɓa mutum sai su buɗe, sinadarin gishiri ya shige, saƙo ya tafi ƙwaƙwalwa. Akwai waɗanda ake haifa ƙofar ciwonsu ba ta aiki, kuma daga nazarin irinsu ake neman sabon maganin raɗaɗi.

Muka je muka sami Sada a shagonsa na yadi a Ƙofar Ƙaura. Bayan doguwar gaisuwa Safiya ta yi masa bayani.

"To maganin zai yi wa masu sikila?" ya tambaya. "Ɗiyar maƙwabcina in ciwon ya tashi, har gidana nike jin kukanta."

"Ana fata, Kawu, amma da saura."

"Allah ya ba su sa'a. Su yi sauri dai."

A da, duk unguwarmu ba wanda ya san sunan abin da ke damun yaron nan, sai addu'a da kulawa, kuma da su ya girma har ya tara iyali. Yanzu yarinyar da na goya ce ke zana mana shi a bayan takardar yadi. Inna da Baba sun riga mu gidan gaskiya ba su ji ba. Na so a ce suna zaune a shagon nan ranar.