Ƙafar Yaya da Lafiyar Ciyaman

Yayana ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana wanke kashin birai a gidan namun daji, amma in ka ji yana ba da labarin aikin sai ka rantse minista ne. Baban Birai ake kiransa, har matarsa. 'Ya'yan cikinsa sai ya yi dogon tunani kafin ya faɗi ajin da suke, amma ya san birin da ba ya cin ayaba mai tabo. A cikin biran akwai wani tsohon gwaggon biri da ma'aikata suka laƙaba wa Ciyaman, don ba ya komai sai zama da ci da harara. Shi ne ɗan lelen Yaya.

Jemagu na kwana a rufin kejin, karnukan titi kuma na kutsowa ta ƙarƙashin waya, shi ya sa kowace shekara ake yi wa biran allurar rigakafin ciwon haukan kare. Masu kula da su kuwa, tasu allurar tana hanya tun ina budurwa. A ranar allura ana shigar da biri wani ƙaramin keji mai matsewa, a takure shi, likitan dabbobi ya soka ya zare. Doka ce. Wata dokar kuma ta ce birin da ya ji wa mutum ciwo a raba shi da mai kula da shi, a killace.

Yaya ya ce matse Ciyaman a keji cin mutunci ne. Ya faki idon manaja ya shiga wurinsa da kansa don ya riƙe shi a yi masa allurar, wai akwai fahimta a tsakaninsu. Ana zare allura, Ciyaman ya haɗa ƙafa biyu ya tokari Yaya a mara, ya faɗa kan bakin kwamin ruwa. Likitan ya juya yana rufe akwatinsa, bai gani ba. Yaya ya miƙe yana dariya ya ce santsi ne.

Ga shi tun da zuciyarsa ta taɓa ba shi matsala yake shan maganin tsinka jini, kuma an ja masa kunne a asibiti cewa ko buguwa ya yi ya zo a duba shi. Wannan bai riƙe ba. Lokacin cin abincin Ciyaman ne kawai ba ya mantawa.

Da na je gidansa na tarar da shi kwance ya naɗe ƙafar dama, ya kasa miƙe ta. Matarsa ta gasa wurin da ruwan zafi, ta murje shi da man zafi iya ƙarfinta.

"Yaya, me ya same ka?"

"Sanyi ne, Auta. Gobe zan tashi."

Goben ta zo, cinyar ta mutu, ko mintsininsa aka yi ba ya ji. Ya miƙe zai shiga bayi, gwiwar ta lanƙwashe, ya zube. Na ce mu tafi asibiti, ya ce wa zai ba Ciyaman abinci in aka kwantar da shi. Raina ya ɓaci, amma ƙanwa ba ta ɗaukar yayanta a ka.

Sai ga abokan aikinsa sun zo dubiya. Mutanen da suka shekara ana tsorata su da ciwo guda, duk abin da suka gani shi ne. Ɗayansu ya tuna likitan dabbobi ya taɓa cewa akwai irin haukan karen da ke farawa da shanyewar ƙafa. Nan take suka ja da baya suka tsaya a bakin ƙofa. Babbansu ya sa aka cika kofi da ruwa, ya tura shi gaban Yaya da sandar mofar goge ƙasa, don an ce mai ciwon tsoron ruwa yake. Yaya ya ɗauka ya shanye tas.

"Bai kai matakin ba tukuna," in ji babban.

Ba wanda ya tambaye shi ko ya faɗi, ko wane magani yake sha. Suka koma suka kai wa manaja rahoto. Washegari babban ya dawo, daga bakin ƙofar dai, ya ce an killace Ciyaman, kuma an ce ba a tabbatar da ciwon sai an duba ƙwaƙwalwar dabba.

"A duba ta yaya?" in ji Yaya.

"Baban Birai, ai ka sani. Ba a duba ta a kan mai rai."

A nan ne bakin da ya ƙi buɗuwa don ƙafarsa ya buɗe don biri. Ya rantse ba cizo, ba yaƙushi, tokari ne kawai, kuma laifinsa ne. Ya ce a kai shi asibiti yanzu yanzu a rubuto shaida.

A asibiti aka yi hoton ciki. Likita ta nuna mini wani dunƙule a allon, ta ce jini ne ya yi ta tsiyaya a cikin naman ƙugu saboda maganin, ya taru ya danne jijiyar da ke riƙe cinya da gwiwa. Ta tambaye ni yaushe abin ya faru. Da na faɗa mata, ta ɗago ta dube ni. Aka zuƙe jinin, amma jijiyar ta daɗe a danne. Yaya dai yana farkawa abin da ya fara tambaya shi ne ko an kai wa manaja shaidar.

An kai. Ciyaman ya fito daga killacewa har ya ƙara ƙiba. Yaya ya fito da sanda, yana jan ƙafa, aka mayar da shi bakin ƙofa yana yaga tikiti, don mai gwiwa ɗaya ba ya shiga keji.

Ranar da ya koma aiki ya sa na raka shi wurin Ciyaman. Ya jingina da waya yana kiransa da wata murya da bai taɓa kiran ɗansa da ita ba. Ciyaman ya taso, ya leƙa hannun Yaya, ya ga ba ayaba, ya juya mana baya ya koma wurin sabon mai kula da shi.

"Kin gani ko, Auta?" in ji Yaya, idonsa ya ciko. "Kunyata yake ji."

Na so in faɗa masa gaskiya, sai na dubi ƙafar. Na ce ƙwarai kuwa, Yaya, na riƙe masa hannu muka koma bakin ƙofa.