Shan Guilan, Matar da Ta Ƙirga Bututu da Ƙafa

Daga Allah muke, kuma gare shi kowa zai koma, da mai faɗin gaskiya da wanda ya danne ta.

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah ya karɓi ran Yaya Shan Guilan a wani asibiti a birnin Wuzhong, bayan jinyar wata huɗu. Shekarunta hamsin da takwas. Washegari bayan azahar aka kai ta makwancinta. Shekara goma sha tara teburina na fuskantar nata a sashen ƙiyasin kuɗi na kamfaninmu na shimfiɗa bututun ruwa. Na so in rubuta ta'aziyya mai sanyi irin wadda ta dace da ita, amma raina a ɓace yake. Kwana takwas da rasuwarta aka ajiye mini rahoto a tebur in sa hannu, kuma a cikinsa an ɗora mata laifin asarar da ita kaɗai ta yi gargaɗi a kanta.

Yaya, ke ba mai yawan magana ba ce. Kullum da safe sai ki haɗa shayinki mai jan dabino da riɗi, ki turo mini kofi ɗaya ba tare da kin ɗago kai ba. Shekarar da mahaifiyata ta kwanta ciwo, wata biyu kika yi kina ɗaukar aikina a kan naki, kina miƙa shi da sunana. Da na zo godiya sai kika ce in daina ɓata miki lokaci, akwai kuskure a shafi na huɗu.

Ke kika koya mini cewa tambaya uku ake yi wa kowane aiki: nawa aka tsara za a yi zuwa yau, nawa aka kashe, kuma nawa ne darajar abin da aka gama da gaske. Ta ukun ce kowa ke gudu, ke kuwa ita kika fi so.

Aikin da ya jawo miki baƙin jini shi ne na kai ruwa ƙauyukan kan tudu, bututu mai tsawon kilomita arba'in a kan kuɗinmu yuwan miliyan ɗari da ashirin. Duk wanda ya yi aikin gini a nan ya san abin da ake yi idan bikin Sabuwar Shekara ya matso. Dole a sallami leburori su tafi gida da haƙƙinsu, kuɗi kuwa ba ya fita sai gwargwadon ci gaban da aka rubuta. Saboda haka sai masu kula da fili su sa a jibge bututu a bakin rami, a ɗauki hoto, a rubuta shi cikin aikin da aka gama. Kowa ya sani, kowa ya kau da kai. A watan da ake magana, rahoton fili ya ce an wuce rabi.

Ke ba ki yi gardama da kowa ba. Kin sa takalmin roba da babbar rigar sanyi, kin ɗauki sanda, kin bi layin bututun da ƙafa har kwana uku cikin sanyin da ke daskarar da ruwa a kofi. Abin da aka binne aka kuma gwada da ruwa kaɗai kika ƙirga. Kilomita goma sha shida kika samu, wato aikin miliyan arba'in da takwas, alhali an riga an kashe sittin.

Ina zaune kusa da ke a taron da kika faɗa. Manaja Ha Jinlong, shugaban aikin, yana kan kujerar tsakiya yana ɓare 'ya'yan kabewa.

Kika ce, "Manaja, duk yuwan goma da muka kashe, aikin takwas muke samu. In aka ci gaba a haka, miliyan ɗari da hamsin zai ci kafin a gama."

Ya yi dariya ya ce, "Kai, Yaya Shan! Yaushe kika fara duba? In haka ne ki duba mini ko 'yata za ta ci jarrabawa mana."

Ɗakin ya ɗauki dariya. Kika jira suka gama, sannan kika ce, "In kuɗin leburori kuke nema, ku nema da sunansa, ni zan fara sa hannu. Amma bututun da ke kwance yana shan rana ba ya kai wa kowa ruwa."

Ya share ɓawon da ke gabansa ya ce, "To mun ji, Allah ya ba da lada. Sai magana ta gaba."

Ni na duba lissafin nan da idona, na san daidai ne, amma na sunkuyar da kai ina juya murfin kofina. Tsoro ne ya hana ni, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyar wannan ranar.

Bayan biki aka ce an ƙara miki girma, aka mai da ke ɗakin ajiye tsofaffin takardu a ƙasan bene, inda ko taga babu. Mutanen da kika koya wa aiki suka koma canza hanya idan sun hango ki a ɗakin cin abinci. Shekara biyu kika yi kina cin taliyarki ke kaɗai, sai ranar da na samu ƙarfin halin saukowa.

Kuɗi ya ƙare a kilomita na talatin da biyu. Ƙauyuka biyu na ƙarshen layi suka ƙara shekara guda suna sayen ruwa a jarka. Da aka gama aikin a watan da kika kwanta asibiti, miliyan ɗari da hamsin da biyu ya ci. Na kawo miki labarin ina tsammanin za ki ji daɗi. Sai kika ce, "Yumei, da ma ni ce na yi kuskure. Da mutanen can sun sha ruwa tun bara."

Ranar jana'izarki Manaja Ha ya zo da farar hularsa, ya riƙe hannun mijinki, ya ce kamfani ya yi rashin uwa. Ya karɓi soyayyar gurasar sadakarki ya ci a gabana. Mako guda bayan nan, da masu binciken kuɗi suka aiko suna tambayar inda miliyan talatin da biyu ta shiga, sai ga shi a ofishina da rahoto. An rubuta cewa sashen ƙiyasi ƙarƙashin marigayiya Shan Guilan bai ankarar da shugabanni a kan lokaci ba.

Na ce, "Manaja, wannan fa ƙarya ce, kuma kai ma ka sani."

Ya ce, "Haba ƙanwata, ki yi hankali mana. Ita ta riga ta tafi, me zai same ta? Mu da ke raye muna da iyali. Sa hannu kawai a wuce wurin."

Me zai same ta! Mace ta yi shekara talatin ba a taɓa kama ta da lamba ɗaya ta ƙarya ba, ba ta bar gida na biyu ba, ba ta bar mota ba, sunan nan kaɗai ta bar wa 'yarta. Shi ne ake so a kwashe shara a zuba a kai don ba ta iya tashi ta yi musu.

Abin da suka manta shi ne inda suka ajiye ki. Na sauka ƙasan benen nan na buɗe littafin rajista. A makonki na farko a can kin shigar da ƙiyasinki kamar kowace takarda, da lamba da kwanan wata da jan hatimin kamfani, har da takardar halartar taro mai sa hannun Manaja Ha. Ban sa hannu a rahotonsu ba. Jiya da safe na kai wa masu bincike takardarki da kaina, na kuma gaya musu ina wurin, na ji dariyar, kuma ni ma shiru na yi. An riga an sanar da ni kada in zo ofis ranar Litinin. Shekara huɗu suka rage mini in yi ritaya, ban san abin da zai biyo baya ba, amma ban yi nadama ba.

Allah ya ji ƙanki, Yaya Shan, ya yafe miki kurakuranki, ya haskaka kabarinki, ya shayar da ke daga ruwan Aljanna. Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinki Malam Na Fugui, da 'yarki Xiaoyan, da 'yan'uwanki na garin Tongxin. Allah ya ba ku haƙuri. Xiaoyan, duk wanda ya ce miki mahaifiyarki ta ga ɓarna ta yi shiru, ki turo shi wurina.

Tie Yumei, Wuzhong